Yaƙin Cacar Baka: ma'anarsa da yadda ya shiga cikin gidan Amurka

Duk mai sauraren labaran duniya a rediyo ya saba jin ana cewa "tun zamanin yaƙin cacar baka". A Hausa, cacar baka ita ce musayar zafafan kalamai: gori, habaici, tonon silili, kowa na neman kunyata abokin hamayyarsa a bainar jama'a, amma ba a kai ga dambe ba. Da wannan ma'ana aka laƙaba sunan ga takun-saƙar da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat daga 1947 zuwa 1991. Amurka na kare tsarin jari-hujja, Sobiyat na yaɗa kwaminisanci, kowacce riƙe da makaman nukiliya. Turawa kuwa "yaƙi mai sanyi" suke ce masa, don ƙasashen biyu ba su taɓa shelanta yaƙi a kan juna ba.

Sunan ya sauƙaƙa abin fiye da kima. An zubar da jini a Koriya da Biyetnam da Angola da Afganistan, inda manyan biyu suka riƙa zuba makamai suna ingiza wasu. A Oktoban 1962, rikicin makamai masu linzami a Kuba ya kusa jefa duniya cikin yaƙin nukiliya. Amma a wani ɓangaren kalmar Hausar ta fi ta Turawa dacewa, domin mai cacar baka abin kunyar gidanka yake nema. Abin kunyar Amurka kuwa a fili yake. A wancan lokacin, a jihohin kudu doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta, a motar haya, a asibiti, har a famfon shan ruwa, kuma an toshe wa yawancin baƙar fata hanyar jefa ƙuri'a. Ƙasar da ke kiran kanta jagorar 'yanci ke nan. Laifi tudu ne, kuma jaridun Mosko ba su gaji da nuna wa duniya tudun da Amurka take takawa ba.

Gwamnatin Amurka ta san gorin yana yi mata illa. A 1952 ma'aikatar shari'arta ta rubuta wa Kotun Ƙoli cewa wariyar launin fata tana bai wa farfagandar 'yan kwaminis abin faɗa. A 17 ga Mayu 1954 kotun ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Da gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya tare ɗalibai baƙar fata tara a ƙofar wata sakandare a Little Rock a 1957, Shugaba Eisenhower ya tura sojoji suka raka yaran cikin aji, kuma a jawabinsa ya ce maƙiyan Amurka suna murna da abin da ya faru.

Abin ya taɓa 'yan Afirka kai tsaye. A Oktoban 1957, wata bakwai bayan 'yancin Ghana, ministan kuɗinta Komla Gbedemah ya tsaya a wani gidan abinci a garin Dover na jihar Delaware, ya nemi ruwan lemo. Aka ce baƙar fata ba ya zama a ciki ya sha. Labarin ya bazu, Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a Fadar White House don a wanke laifin. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyar Washington don miƙa takardunsa ga Shugaba Kennedy, aka hana shi kofi a wani shago a jihar Maryland. Ƙasashen da Amurka ke zawarcinsu kada su bi Mosko, jakadunsu ne ake wulaƙantawa a bakin titi. A Mayun 1963, lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Addis Ababa don kafa ƙungiyar haɗin kan nahiyar, hotunan karnukan 'yan sanda da tiyon ruwa a kan baƙar fata masu zanga-zangar ƙin wariya a Birmingham ta jihar Alabama sun riga sun zagaye duniya. Dokar 'yancin ɗan ƙasa, wadda ta haramta wariyar launin fata, ta zo a 1964, ta kare 'yancin jefa ƙuri'a kuma a 1965.

A ganina kuskure ne a ce tsoron Sobiyat ne ya kawo waɗannan dokoki. Mutanen da suka sha duka da ɗauri su suka kawo su. Cacar bakan dai ta sa Washington ta kasa kau da kai. Kuma wuƙar baki biyu gare ta. Duk wanda ya ɗaga murya, sai a ce ɗan kwaminis ne. An ƙwace fasfon mawaƙi baƙar fata Paul Robeson a 1950, bai same shi ba sai 1958. Hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ƙarƙashin Edgar Hoover ta yi shekaru tana sauraren wayoyin Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, da wannan hujja.

Dattijon masani baƙar fatan Amurka W.E.B. Du Bois, wanda shi ma aka taɓa hana shi fasfo, ya koma Ghana a 1961 bisa gayyatar Kwame Nkrumah. Ya rasu a Accra ranar 27 ga Agusta 1963 yana da shekara 95. Washegari aka sanar da rasuwarsa ga mutum kusan 250,000 da suka taru a Washington, a ranar da King ya yi shahararren jawabinsa.