Waiwaye: Asalin Dokar Hana Ƙare Jumlar Turanci da "With" ko "To"

Ɗalibai da yawa sun sha jan biro saboda sun rubuta "the man I spoke to" maimakon "the man to whom I spoke". Alhali tun a tsohon Turanci ana barin irin waɗannan ƙananan kalmomi (to, with, in, from) a ƙarshen sashen jumlar da ke bayyana suna.

Ƙorafin ya yi ƙarfi ne a Ingila a 1672, lokacin da marubuci John Dryden ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson kan wani layi da ya ƙare da "from". Dryden ya ce shi ma ya lura da wannan aibi a rubutunsa, har ya bi wata maƙalarsa ta 1668 ya gyara jumlolinta a bugun 1684. Ma'aunin masu ilimin wancan zamani Latin ne, kuma a Latin irin wannan kalma ba ta zama ita kaɗai a ƙarshe. Sai aka ɗinka wa Turanci rigar da ba tasa ba.

Bishop Robert Lowth, wanda ake yawan ɗora wa laifin, bai haramta ba. A littafin nahawunsa na 1762 cewa ya yi salon ƙarshe ya dace da hira da rubutun yau da kullum, sa kalmar a gaba kuwa ya fi kyau a rubutu mai nauyi. Malaman baya ne suka mayar da shawara doka. A 1926 masanin Turanci H. W. Fowler ya kira dokar camfi.

A aikace, idan za a sa kalmar a gaba maimakon ƙarshe, "whom" ko "which" ne ke biye da ita, ba "who" ko "that" ba; "the house in that I live" kuskure ne. Idan aka yi amfani da "that", ko aka bar gurbin babu komai, dole kalmar ta koma ƙarshe. Aikatau mai haɗe irin "look after" ba a raba shi, don haka "the child after whom she looks" ba ya shiga kunne. Akwai kuma inda gaba ce kawai mafita: "the extent to which", "some of whom", "during which".

Kuskuren da ya fi kama mai koyo shi ne maimaitawa, kamar "the town in which he lives in". Sai kuma ƙarin wakilin suna, "the man I spoke with him", wanda ke biyo sawun Hausa: mutumin da na yi magana da shi. A Turanci "him" ɗin nan ba shi da wurin zama.