Waiwaye: Iskar da ke buɗe jijiyoyin jini, da yadda takan kayar da majinyaci

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a babban asibitin Damagaram, ko a likitocin Mirriya da Magariya, ya san wannan sa'a. An kawo mutum da masassara, yana magana yana shan ruwa, kafin magariba sai ma'aikacin jinya ya ɗaura masa na'urar awo ya ce tansiyo, wato ƙarfin gudun jini a jijiya, ta faɗi. Dangi su dubi juna. Bai ji ciwo ba, bai zubar da jini ko ɗigo ba, to ina jinin ya tafi? Likitoci suna kiran wannan hali shok, kuma an shafe fiye da shekara ɗari kafin a gano abin da ke faruwa a cikin jijiya a wannan lokaci.

Labarin ya fara ne daga nakiya. A 1847 wani ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya haɗa sinadarin nitirogilisarin, wanda Alfred Nobel ya yi arziki da shi wajen ƙera abin fasa duwatsu. A 1878 likita William Murrell a Landan ya fara ba masu ciwon ƙirji ɗan kaɗan daga cikinsa, sai ciwon ya lafa. Nobel da kansa an rubuta masa wannan magani kafin rasuwarsa a 1896. Magani yana aiki, amma ba wanda ya san dalili, har sai 1977 da Ferid Murad ya nuna cewa wata iska ce mai suna naitirik okisayid, wadda ake taƙaitawa da NO, take fita daga cikinsa ta sassauta naman jikin jijiya.

A 1980 Robert Furchgott, yana gwaji da babbar jijiyar zomo a Niyok, ya lura da wani abu: idan aka goge siririyar fatar da ke shimfiɗe a cikin jijiyar, ba ta ƙara buɗewa ko an zuba mata sinadarin da ke buɗe ta. Ashe wannan fatar da ake ɗauka shafe ce kawai, saƙo take aikawa. A 1987 Louis Ignarro a Amurka da Salvador Moncada a Ingila, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka tabbatar saƙon NO ne. Iska ce da aka sani a hayaƙin mota, ba ta wuce sakan kaɗan a jiki, amma ita ke riƙe da faɗin jijiyoyinmu dare da rana. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel. An bar Moncada, ɗan asalin Honduras, kuma a ganina ba a kyauta masa ba.

Ɗaya rabin labarin ya fi kusa da mu, domin daga shanu ya taso. Anthony Cerami ya ga shanu masu sammore a Kenya suna ramewa fiye da yadda yawan ƙwayoyin cutar zai iya jawowa, sai ya yi zargin jikin dabbar ne ke fitar da abin da ke cin ta. A 1985 shi da Bruce Beutler suka gano abin, suka tarar shi ne TNF, wanda aka riga aka bayyana tun 1975. TNF ɗaya ne daga cikin sitokin, wato saƙonnin da dakarun garkuwar jiki ke aika wa juna idan cuta ta shigo. A 1987 likitoci a Norwe suka auna shi a jinin masu ƙwayar cutar sanƙarau, suka ga waɗanda nasu ya fi hawa su ne suka mutu. Sanƙarau kuwa ba baƙo ba ne a nan: tsakanin Nuwamba 2022 da Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu.

A nan hanyoyin biyu suka haɗu. Idan TNF da ƴan uwansa suka yawaita, sukan tada wani inji a cikin ƙwayoyin jiki da ke zuba NO ba ƙaƙƙautawa, awanni har kwanaki. Jijiyoyi su saki gaba ɗaya, su riƙa yoyo, ita ma zuciya ƙarfinta ya ragu. Mu da muka san wahalar ruwa a garin nan ba sai an yi mana dogon bayani ba: idan kowane gida ya buɗe famfonsa lokaci guda, na ƙarshen layi ko ɗigo ba ya samu. Jinin yana nan, ƙarfin tura shi ne babu, kuma ƙoda da ƙwaƙwalwa su ne na ƙarshen layi.

Hankali ya ba da cewa a toshe saƙon. An gwada. Maganin da ke kashe TNF ya ceci gwaggon biri a wani gwaji na 1987, amma a jikin mutane masu shok bai cika alkawari ba, sai daga baya ya yi amfani ga masu ciwon gaɓoɓi. Na toshe NO ya fi ban tausayi. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2004, mai majinyata 797, tansiyo ta hau kamar yadda ake so, amma kashi 59 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun mutu, a kan kashi 49 na waɗanda ba a ba ba. Dole aka tsayar da shi. Maganin bai bambanta ba, ya toshe har da NO ɗin da ke barin ƙananan jijiyoyi a buɗe, wanda kuma ke hana jini daskarewa. Lambar da ke kan na'ura ta gyaru, mai jikin ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin wannan ilimi an gina shi a kan manya a ɗakunan jinya na Turai da Amurka, alhali mu masu cika mana gadaje daga Agusta zuwa Oktoba yara ne masu masassarar cizon sauro. A nasu jikin lamarin juyawa yake yi. Binciken da Nicholas Anstey da abokan aikinsa suka yi a Darussalam ta Tanzaniya a 1996 ya nuna yaran da masassara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa NO ɗinsu ƙasa yake yi. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe, abin da ke fitowa daga cikinsu yana shanye iskar, jijiyoyi su matse. Haka abin yake ga masu emasi, waɗanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa sikila. An gwada shaƙa wa yara masu masassarar sauro iskar a Jinja ta Yuganda, ba a ga ribar da ake fata ba.

Hatta ƙarin ruwa, wanda mutanenmu ke ganin idan ba a ɗaura shi ba to ba a yi magani ba, sai da aka sake dubansa. A 2011 wani gwaji mai suna FEAST, da ya ƙunshi yara fiye da 3,000 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ya nuna zuba ruwa da sauri ga yaro mai masassara mai tsanani ya ƙara mace-mace cikin awa 48. Shi ya sa idan ma'aikaciyar jinya ta rage gudun ruwan ɗanka, ba rowa take yi ba.

Yau abin da ke hannun likita shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri, artesunat ga mai masassarar sauro, iskar okisijin, ƙarin jini, ruwa gwargwado, da noradirenalin don matse jijiya inda ake da shi. Duk suna aiki ne gwargwadon saurin isowar majinyaci. Yaro kuwa jikinsa yakan riƙe tansiyo har kusan ƙarshe, don haka alamun da uwa ke gani a ɗaki sun riga na'ura: tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi alhali jiki zafi, numfashi sama-sama, fitsari ya ɗauke, an danna farce jan bai dawo ba har sakan uku.