Daga ba gem maki zuwa haɗa shi: tambayoyi kan 'yan jaridar da ke komawa kamfanonin wasannin bidiyo

A Amurka da Birtaniya da Japan akwai mutanen da sana'arsu ita ce buga gem su yi rubutu a kansa. Abin da aka daɗe ana gani shi ne, da yawansu ba sa tsufa a wannan aiki. Bayan shekara biyar ko goma sai ka ji wane ya ajiye alƙalami, ya koma ɗaya daga cikin kamfanonin da jiya yake yi wa sharhi.

Da farko, mene ne ainihin aikin ɗan jaridar gem?

Aikin ya kasu: kawo labarai, leƙen gem kafin ya fito, rubuta jagorar yadda ake cin sa, sai kuma sharhi da ba da maki, wanda shi ne aka fi sani. Shafuka irin su IGN da GameSpot kan ba da maki cikin goma. Mujallar Famitsu ta Japan mutum huɗu take sa wa, kowa ya ba da nasa cikin goma, a tara cikin 40.

Daga nesa aikin kamar hutu ne. Ga yadda yake a zahiri: kamfani zai aiko da gem mako guda ko kwana goma kafin fitowarsa, tare da takardar da ta ƙayyade rana da sa'ar da aka yarda a wallafa sharhi. Idan gem ɗin na cin awa 60, dole mai sharhi ya gama shi, ya rubuta, edita ya duba, duk kafin wannan sa'ar, domin shafin da ya makara da kwana ɗaya ya rasa masu karatu. Wanda ba ma'aikacin dindindin ba, kuɗin rubutun kawai ake biyansa, ba na awannin da ya kwana yana bugawa ba.

Wannan ƙaura sabon abu ce?

Ko kusa. Satoshi Tajiri ya fara ne a farkon shekarun 1980 da wata 'yar mujalla da yake rubutawa da hannu, mai suna Game Freak, yana bayanin dabarun cin wasanni. Ken Sugimori ya shigo yana yi masa zane. A 1989 mujallar ta zama kamfani, a 1996 kamfanin ya fitar da Pokémon. Shi ma Yuji Horii marubuci ne a mujallar Shonen Jump. A 1982 ya je ɗauko labarin gasar haɗa gem da kamfanin Enix ya shirya, ya sa nasa gem ɗin a gasar, ya shiga cikin waɗanda suka yi nasara. Shekara huɗu bayan nan Dragon Quest ya fito.

A Amurka, 2007 da 2008 ne aka ga ficewar da ta ja hankali. Greg Kasavin, babban editan GameSpot, ya koma Electronic Arts. Luke Smith na shafin 1UP ya koma Bungie, kamfanin da ya haɗa gem ɗin Halo. Da aka rufe mujallar Games for Windows a 2008, editanta Jeff Green ya tafi Electronic Arts, Shawn Elliott kuma ya tafi kamfanin da daga baya ya fitar da BioShock Infinite.

Me ke korarsu?

Kuɗi ne kan gaba. Shafin gem da talla yake rayuwa, kuma mafi yawan masu ba shi tallar su ne kamfanonin da yake yi wa sharhi. A Nuwamban 2007 GameSpot ta sallami editanta Jeff Gerstmann bayan ya ba gem ɗin Kane & Lynch maki 6, a daidai lokacin da tallar gem ɗin ta lulluɓe shafin. A 2012 shi da kansa ya tabbatar cewa matsin lambar masu talla a kan shugabannin shafin na cikin dalilan korarsa. Abokan aikinsa da dama sun bi shi sun fice.

Sai kuma rufe-rufe. Mujallar Nintendo Power ta tsaya a 2012, shafin 1UP a 2013, shafin Joystiq a 2015. A 2023 kafar labarai ta Vice ta rufe shafinta na gem mai suna Waypoint, jaridar Washington Post ma ta rufe sashenta na gem. A Agustan 2024 GameStop, mai shagunan sayar da gem, ta rufe mujallar Game Informer bayan shekara 33, rana ɗaya, har tsofaffin rubuce-rubucen shafin suka ɓace daga intanet, sai a 2025 wani kamfani ya saye ta ya dawo da ita.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: kamfanonin sun daina buƙatar ɗan aike. Tun 2011 Nintendo take sanar da sababbin wasanninta kai tsaye ta bidiyonta. Baje-kolin E3, inda 'yan jarida suka saba tururuwa duk shekara a Los Angeles, an sanar da mutuwarsa a ƙarshen 2023. Matasa kuma YouTube da Twitch suke zuwa su ga gem da idonsu. Ga shi matakalar aikin gajeriya ce. Daga marubuci sai edita, sai babban edita, kujera ɗaya tak, daga nan sai bango.

Ta wace ƙofa suke shiga kamfani?

Mafi faɗi ita ce hulɗa da masu buga gem da hulɗa da 'yan jarida: rubuta sanarwa, bayanin gyare-gyaren da aka yi wa gem, amsa ƙorafi, shirya hira. Nan ɗan jarida ba ya buƙatar koyon komai sabo sai haɗiye ra'ayinsa. Ta nan Luke Smith ya shiga Bungie a 2007. Sai a 2014 aka gan shi yana jagorantar tsara wani babban sashe na Destiny, a 2017 ya zama daraktan Destiny 2. Shekara goma ke nan, ba tsalle ɗaya ba.

Ƙofa ta biyu ita ce rubuta labari da maganganun 'yan wasa. Rhianna Pratchett ta fito daga mujallar PC Zone ta rubuta Mirror's Edge da Tomb Raider na 2013. Anthony Burch ya bar shafin Destructoid ya rubuta Borderlands 2. Mitch Dyer na IGN yana cikin waɗanda suka rubuta labarin Star Wars Battlefront II. Wannan ƙofa ita kowa ke so, ita ce kuma mafi ƙunci, don kamfani mai ma'aikata ɗari biyu yana iya wadatuwa da marubuta uku.

Ta uku ita ce aikin furodusa, mai riƙe jadawali da bin kowa ya gama nasa a kan lokaci. Editan da ya saba bin marubuta ashirin bashin rubutu ya riga ya iya rabin wannan aiki. Da shi Kasavin ya fara, kafin ya haɗu da tsofaffin abokan aikinsa a Supergiant, inda mutum bakwai suka haɗa Bastion a 2011, daga baya aka yi Hades a 2020.

Wanda ya iya gano aibin gem, ai ya iya gyara shi ko?

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai sharhi zai rubuta cewa tsallen ɗan wasan yana da nauyi, kuma ya yi gaskiya. Amma a cikin kamfani wannan magana ba ta gyara komai. Gem ɗin da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto ba ya kai kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Dole a gano ko hoto nawa ke wucewa tsakanin danna maɓalli da ɗagawar ƙafa, ko motsin durƙusawar da mai zane ya sa kafin tsallen ne ya yi tsayi, ko kuwa saukowar ce take jan jiki. Kowanne da wanda zai gyara shi, kowanne da kwanakin da zai ci. Kuma da an canza tsawon tsalle, duk wani rami da aka auna da tsohon tsallen sai an sake auna shi.

Marubuci ma haka. Ya zo da tunanin zai rubuta labari mai ratsa zuciya, sai a miƙo masa jadawalin Excel. Ga lambar layi, ga wanda zai faɗa, ga sharaɗin da zai sa a faɗa, ga iyakar haruffa. Aikin yau: mai gadi ya hango ka, a rubuta hanyoyi goma sha biyar da zai ce "wane ne nan", kowacce gajeriya, don mai bugawa zai ji ta sau ɗari kuma kada ta gundure shi. Gobe: mai gadi ya ɓatar da kai. Jibi: harsashinsa ya ƙare. Idan layin ya cika akwatin rubutu taf da Turanci, fassarar Jamusanci za ta yi ambaliya, don kalmominsu sun fi tsayi. Idan an riga an ɗauki muryar ɗan wasa, canza kalma ɗaya na nufin sake kiransa situdiyo da sake biya. Sannan wata shida kafin fitowa a yanke wani sashe gaba ɗaya saboda lokaci ya ƙure, kuma a nan ne aka bayyana dalilin da ya sa mugun ya zama mugu. Marubuci zai nemi inda zai cusa wannan bayani cikin layi biyu.

Abin da ɗan jarida ya zo da shi mai amfani shi ne: ya buga wasanni ɗaruruwa, har da marasa kyau, ya iya bayyana abu a fili, ya saba da wa'adi, kuma ya saba a yi wa rubutunsa jan biro bai yi fushi ba. Wannan na ƙarshen ya fi sauran daraja.

Wanda yake neman aiki a kamfani, ta yaya za a yarda da makin da ya ba gem ɗinsu?

Tambayar tana kan hanya. Mun san irinta a gida, inda ɗan jarida ke wayar gari ya zama mai magana da yawun gwamnan da yake ɗauko wa labari, sai mutane su koma suna karanta tsofaffin rahotanninsa da wani ido.

Maki ba abin wasa ba ne. Shafin Metacritic yana tara makin shafuka ya fitar da matsakaici, kuma akan ɗaura kuɗi a kansa. Kamfanin Obsidian ya rasa ƙarin kuɗin da aka yi masa alkawari a kan Fallout: New Vegas saboda ya samu 84, alhali yarjejeniyar ta ce 85.

Komawa kamfani ba laifi ba ne. Hatsarin yana cikin watannin da ke tsakanin aika takardar neman aiki da sanar da tafiya. Ƙa'idar da ta dace ita ce, ranar da magana ta fara tsakaninka da kamfani, ranar za ka gaya wa editanka, a cire ka daga duk rubutun da ya shafe su, har da na manyan abokan hamayyarsu idan hali ya yi. Inda abin ke lalacewa shi ne mutum yana tsoron kada edita ya san yana shirin tafiya, sai ya yi shiru ya ci gaba da rubutu. Kuma ba a sharhi ake fi ganin sassauci ba, don maki kowa na ganinsa. A labarin da aka ƙi bi ne, da tambayar da aka ƙi yi a hira. Sannan duk ma'aikacin da ya taɓa tsegunta maka sirrin kamfaninsa, sunansa amana ce ko bayan ka zama abokin aikin ubangidansa.

Mai son yin wannan ƙaura, da me zai fara?

Da gama wani abu ƙarami. Tarin sharhi ba ya nuna ka iya aikin. Marubuci ya ɗauki manhajar Twine ko Ink, duka kyauta ne, ya haɗa labari mai rassa na minti goma, inda zaɓin mai bugawa ke canza abin da zai biyo baya. Mai son tsara wasa ya ɗauki manhajar haɗa gem irin Godot ko GameMaker ya yi ɗaki ɗaya da dabara ɗaya. Ya shiga gasar haɗa gem cikin awa 48, irin Global Game Jam da ake yi a watan Janairu, don a nan zai ɗanɗani yadda ake yanke abin da ake so saboda agogo. Ya ɗora a shafin itch.io, ya zauna bayan wani yana bugawa, ya kame bakinsa. Inda mutumin ya rikice, nan ne aikin yake.

Tom Francis ya bi wannan hanya yana ma'aikacin mujallar PC Gamer. Shekara uku yana haɗa Gunpoint a lokacin hutunsa da GameMaker da ya saya dala 30, ya fito a 2013, bai koma aikin jarida ba. Sai dai a lura, Steam, babbar kasuwar sayar da gem ta intanet, na karɓar dala 100 kafin a ɗora gem, sannan kashi 30 cikin ɗari na ciniki, kuma wasanni dubbai ke fitowa a can duk shekara ba wanda ya ji ɗuriyarsu.

Idan an kai ga sa hannu, a karanta wurare uku: me yarjejeniyar rufe baki ta hana faɗa, wa ke da mallakar abin da ka haɗa a gida bayan tashi aiki, da kuma ko za a sa sunanka a jerin ma'aikata idan ka tafi kafin gem ya fito.

To can ɗin ya fi kwanciyar hankali?

Albashi ya fi, galibi. Tabbas kuwa babu. Epic ta sallami mutum kusan 830 a Satumban 2023. A Janairun 2024 Microsoft ta sallami 1,900 daga sashen gem, Unity kusan 1,800, wata guda bayan nan Sony ta sallami 900. Austin Walker ya bar Waypoint a 2021 ya koma sabon kamfani mai suna Possibility Space. Waypoint ta rufe a 2023, Possibility Space ta rufe a 2024 ba ta fitar da gem ko ɗaya ba. Gudun gara, faɗawa gidan zago. Kuma idan sallama ta zo, sashen hulɗa da jama'a da marubuta 'yan kwantiragi, wato ƙofofin da 'yan jarida suka fi shiga ta cikinsu, ba su cika tsira ba.

Ga kuma aikin ba dare ba rana idan ranar fitowa ta matso, da wani abu da ke ci wa tsohon ɗan jarida rai fiye da kowa: wanda ya saba ganin rubutunsa a shafi da yamma, yanzu zai yi shekara huɗu a kan abin da ba shi da izinin ambaton sunansa, wanda kuma ana iya soke shi.

Shi ya sa wasu suka zaɓi wata hanya. Tsofaffin ma'aikatan shafin Kotaku sun kafa Aftermath a 2023, shafin da su ne masu shi, masu karatu ke biyan kuɗin wata. 'Yan Waypoint sun kafa Remap, ma'aikatan shafin The Escapist da suka fice tare sun kafa Second Wind, su ma da kuɗin masu kallo suke tafiya.