Ba'ar Jaridun Amurka ga Baje-kolin Armory na 1913

Baje-kolin Armory babban nunin zane-zane ne da sassaƙe-sassaƙe na zamani da aka buɗe a birnin New York ranar 17 ga Fabrairu, 1913, a zauren atisayen Runduna ta 69 da ke titin Lexington. An baje ayyuka kusan 1,300, kuma a nan ne yawancin Amurkawa suka fara ganin aikin masu fasahar Turai irin su Picasso da Matisse da Brancusi da idonsu. Jaridu sun yi masa ca da zolaya.

Wanda ya fi shan dariya shi ne zanen Marcel Duchamp na wani tsirara yana saukowa daga bene, inda aka kakkarya siffar jiki zuwa layuka masu hawa kan juna don a nuna motsi. Jaridar Evening Sun ta buga zanen barkwanci, ta mayar da shi cunkoson fasinjoji suna turereniya a matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wannan raha ce kawai, ba ta ci mutuncin kowa ba.

Abin ya ɓaci ne da ba'ar ta bar zanen ta koma kan masu zanen. An yi ta kiransu mahaukata, har tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya jingina wasunsu da taɓin hankali a mujallar Outlook. New York Times kuwa ta haɗa masu salon Kubizim, wato zanen da ke kakkarya siffar abu zuwa kusurwoyi, da 'yan aƙidar rusa hukuma. A shekarun nan baƙi daga kudanci da gabashin Turai suna ta kwarara ta tsibirin Ellis, inda ake tantance masu shigowa ƙasar a New York, ƙyamarsu kuma ta yi ƙarfi a zukatan mutane da dama. Daga baya Royal Cortissoz, mai sharhin zane na New York Tribune, ya laƙaba wa sabon salon sunan wannan tsibiri, wato shi ma baƙo ne da ya kamata a tsare a bakin iyaka. Wannan ba sharhin zane ba ne, ƙin baƙo ne tsagwaronsa.

Da baje-kolin ya koma Chicago, zargin batsa ya ƙaru a kai. Ranar 16 ga Afrilu, ɗaliban makarantar zane ta Art Institute suka shirya shari'ar wasa ga Matisse a bainar jama'a, suka same shi da laifi, sannan suka cinna wa kwafin wasu zanukansa wuta.