Nazarin Zane da Nazarin Halittu a Tsarin Charlotte Mason

Nazarin zane da nazarin halittu darussa ne guda biyu da suka shahara a tsarin koyar da yara a gida wanda malama Charlotte Mason ta Birtaniya ta shimfiɗa a ƙarshen ƙarni na 19. A na farko, ana ajiye wa yaro hoton zanen wani gwani ya ƙura masa ido, sannan a kife hoton ya faɗi abin da ya gani. A na biyu, ana fita da shi fili ya daɗe cikin itatuwa, tsuntsaye da ƙwari, daga baya ya zana abin da ya ja hankalinsa. Manufarsu ɗaya ce: yaro ya saba da lura, ya san abu da idonsa tun kafin a ba shi bayaninsa.

Asali

An haifi Mason a garin Bangor na yankin Wales a 1842, ta rasu a 1923. Ta yi shekaru tana koyarwa a Worthing da Chichester a kudancin Ingila. A 1886 ta buga littafinta Home Education, wanda ya samo asali daga laccocin da ta yi wa iyaye a Bradford, kuma a garin ne aka kafa ƙungiyar iyaye a 1887, wadda daga baya aka fi sani da PNEU. Ta koma Ambleside, cikin yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, a 1891, ta buɗe makarantar horar da malamai mata masu koyarwa a gidaje. Daga can ake aika wa iyalai manhaja kowane zango, a ƙarshensa a aiko da jarrabawa. Tsarin ya ja baya bayan tsakiyar ƙarni na 20, sai ya farfaɗo a Amurka bayan littafin da marubuciya Susan Schaeffer Macaulay ta fitar kan tsarin a 1984. Yau mafi yawan masu bin sa iyalai ne da ke koyar da 'ya'yansu a gida a Amurka, Kanada, Birtaniya da Ostareliya.

Mason Kirista ce mai riƙo da addini, kuma a wurinta duban halitta hanya ce ta sanin Mahalicci. Tushen ra'ayinta shi ne yaro cikakken mutum ne tun ranar da aka haife shi, don haka bai kamata a riƙa tauna masa ilimi ana ɗura masa ba.

Fita fili

Ga yaran da ba su kai shekara shida ba, Mason ba ta yarda da zaman aji ba sam. Abin da ta nema shi ne su yi awa huɗu zuwa shida a waje duk ranar da yanayi ya yi dama-dama, daga Afrilu zuwa Oktoba, a lokacin hunturu kuma a rage amma kada a daina. Iyalai kaɗan ne ke iya cika wannan a yau. Abin da aka fi yi shi ne awa ɗaya ko biyu kullum a tsakar gida ko wurin shaƙatawa na unguwa, da doguwar fita sau ɗaya a mako.

Mafi yawan lokacin na wasa ne: gudu, hawa bishiya, tonon ƙasa. Darasin kansa bai fi minti goma ko goma sha biyar ba, kuma yana zuwa ne a sigar wasa. A wasa na farko, uwa za ta tura yara su je su dubo wani wuri, misali gefen rafi ko bayan shinge, su dawo su ba ta labari. Idan yaro ya ce ya ga "wata bishiya mai ganye", ba za ta gaya masa sunanta ba. Sai ta tambaye shi: ganyen zagayayye ne ko mai tsini? Gefensa sumul yake ko kamar haƙoran zarto? Ɓawon jikinta fa? Ya koma ya sake dubawa, sai ya kawo siffar da za a iya gane bishiyar da ita kafin ya sami sunan. A wasa na biyu, yaro zai kalli wani yanki na fili na ɗan lokaci, ya rufe ido, ya siffanta shi. Wannan yana gajiyar da ƙwaƙwalwa fiye da yadda manya ke zato, shi ya sa ba a yin sa kullum.

Komawa wuri guda sau da yawa ya fi yawon sababbin wurare amfani. Yaro ya zaɓi bishiya ɗaya ta zama tasa, ya riƙa ziyartarta shekara guda cur: lokacin da take tsirara, lokacin toho, fure, 'ya'ya, da zubar ganye. Ana kuma ajiye kalandar "na farko", inda ake rubuta ranar da aka fara ganin wani fure, ko aka fara jin kukan wani tsuntsu mai ƙaura. A shekara ta biyu kalandar take nuna amfaninta, domin yaron da kansa zai fara cewa bana abu kaza ya makara.

Babbar matsala a nan ita ce yawan maganar babba. Uwa ko uba sun ga gizo-gizo yana saƙa, sai su hau bayani, yaro kuwa ya daina kallon gizo ya koma kallon bakinsu. Ƙa'idar ita ce jimla ɗaya ko biyu, sannan a yi shiru. Matsala ta biyu ita ce nuna ƙyama: wanda ya yi ihu don ya ga tana ko kwaɗo ya riga ya koya wa yaro tsoro. Abin da ake koyarwa a fili da gaske shi ne dokoki kaɗan marasa sassauci: ba a cin 'ya'yan itace ko laimar kwaɗi da ba a sani ba, ba a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, ba a taɓa ƙwan tsuntsu. A Ingila da arewa maso gabashin Amurka ana duba jikin yaro bayan an dawo daga ciyawa saboda kaska, wadda ke yaɗa cutar Lyme. A ƙasashe masu zafi kuwa, awannin kan koma hantsi da bayan la'asar.

Littafin halittu

Da zarar yaro ya iya riƙe burushi, yawanci wajen shekara biyar ko shida, sai a ba shi littafi marar layi. Kayan aikin ba su da yawa: takarda mai kauri, mai nauyin giram 200 zuwa 300 a kowane murabba'in mita, domin mai laushi takan yamutse idan ruwa ya taɓa ta, fentin ruwa mai launi shida zuwa goma sha biyu, burushi zagayayye mai tsinin baki, fensir, da gilashin ƙara girma mai ninki goma. A makarantun Mason da burushi ake zane kai tsaye, ba a fara fitar da siffa da fensir. Ana tsoma burushin a fenti, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a ja. Idan ruwa ya yi yawa launuka sukan gudu su cakuɗe, jijiyoyin ganye su ɓace.

Abu ɗaya ake zanawa a zama guda, a girmansa na ainihi: reshe mai toho uku, gashin tsuntsu, ko kwanson dodon-koɗi. A gefe a rubuta kwanan wata, wuri da yanayin gari. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa uwa ta rubuta da kalmominsa, ba nata ba. Ba a gyara wannan littafi, ba a ba shi maki. Idan yaro ya zana ƙwaro da ƙafa huɗu, ba a cewa ya yi kuskure, sai a ce a zo a sake ƙirgawa tare. Yaran da aka tilasta wa zane tun ba su shirya ba sukan tsani fitar ma gaba ɗaya, kuma wannan asara ce da ta fi shafin da aka samu.

Halittun da aka kawo gida don kallo suna da nasu sharuɗɗan. Talibambam yana mutuwa a ruwan famfo saboda kulorin, don haka da ruwan kududdufin da aka ɗebo shi ake ajiye shi, a inuwa. Tsutsar malam-buɗe-littafi sau da yawa ba ta cin ganyen da ba na tsiron da aka same ta a kai ba, kuma sai an sabunta shi kullum. Kwalbar da aka bari a rana tana kashe abin da ke ciki cikin ɗan lokaci. Bayan an gama kallo ana mayar da komai inda aka ɗauko shi.

Nazarin zane

Wannan yana farawa ne daga shekara shida. Ana zaɓar mai zane guda ɗaya a zango, a ɗauki ayyukansa shida. A zango na mako goma sha biyu, kowane hoto zai sami mako biyu ke nan, shekara kuma ta ba da masu zane uku da hotuna goma sha takwas. Dalilin tsayawa kan mutum ɗaya shi ne yaro ya saba da hannunsa, har ya iya gane aikinsa a wani wuri ba tare da an gaya masa ba.

Darasin sau ɗaya ne a mako, minti goma zuwa goma sha biyar. Za a faɗi sunan mai zanen da ɗan abu ɗaya game da rayuwarsa. Kowane yaro ya riƙe nasa kwafin, aƙalla girman takardar A4, ya duba shiru na minti uku zuwa biyar, har ya iya ganin hoton idan ya rufe ido. Sai a kife. Ƙarami ne ke fara bayani, domin idan babba ya riga shi ba zai bar masa komai ba. Bayan kowa ya faɗi nasa, a buɗe a ga abin da aka tsallake, sannan a manna hoton a bango daidai tsayin idon yara har mako biyun su cika.

Zanen matan da ke kala a gona, na Bafaranshe Jean-François Millet, wanda ya gama a 1857, misali ne mai kyau. Da farko yaro zai ce mata uku ne suna tsintar zangarniya, biyu sun duƙa sosai, ɗaya ta ɗan ɗago. A kallo na biyu ne yakan hango can nesa tulin hatsi, da amalanke, da wani mutum a kan doki yana lura da ma'aikata. Daga nan yakan tambaya da kansa me ya sa waɗannan matan ba su cikin masu girbin, kuma tambayar da ta fito daga bakinsa ta fi duk bayanin da za a yi masa tun farko. Zomon da Bajamushe Albrecht Dürer ya zana a 1502, da guntun ciyawar da ya zana a 1503, sun dace da masu littafin halittu, domin suna nuna musu iyakar inda lura za ta iya kaiwa. Zanen wasannin yara na Pieter Bruegel na 1560, mai ɗauke da yara fiye da ɗari biyu, ya fi ƙarfin zama ɗaya, gara a raba shi kashi-kashi.

Abubuwan da ke ɓata darasin sanannu ne. Allon waya ya yi ƙanƙanta, kuma yatsa yana son zamewa zuwa hoto na gaba. Tambayoyi irin na jarrabawa, kamar "mutum nawa ne a ciki", suna sa yaro farautar amsa maimakon kallo. Bayani kan ka'idojin launi da tsari an bar shi sai yara sun girma. Ya kamata iyaye su duba hotunan tun kafin darasi, domin zanen Turawa na da yana da tsiraici da yawa. Iyalin da ba ya son hoton mutane yana iya bin matakan nan da zanen filaye, tsirrai, gine-gine ko rubutun ado.

Suka

Mason ta rubuta ne ga iyalai masu rufin asiri na zamanin Sarauniya Victoria, waɗanda da yawansu ke da masu aiki a gida. Awa shida a fili na buƙatar babba guda wanda ba shi da wani aiki, da wurin fita mai aminci, abin da iyalan birni da yawa ba su da shi. Jerin masu zanen da makarantunta suka bi kusan duk Turawa ne, shi ya sa manhajojin yanzu suka fara sa irin su Hokusai na Japan da Henry Ossawa Tanner, baƙar fata ɗan Amurka. Akwai kuma wahalar auna ci gaba, tunda babu maki, sai dai a kwatanta shafukan littafin halittu na farkon shekara da na ƙarshenta, ko a saurari yadda bayanin yaro ke ƙara tsawo da daidaito.