Gaɓa da ƙirar aikatau a Faransanci: gadon Latin

Mafi yawan aikatau na Faransanci sun fito ne daga Latin ɗin da sojoji da 'yan kasuwar Rum suka kai ƙasar Gol, wato Faransa ta yau. A Latin akwai rukunin aikatau huɗu, amma nahawun Faransanci ya tattara nasa cikin uku. Masu ƙarewa da -are sun koma -er, shi ya sa cantare ta zama chanter, "yin waƙa". Wannan rukuni ya fi kowanne yawa, kuma kusan duk sabon aikatau cikinsa yake faɗawa, kamar téléphoner. Na biyu shi ne irin finir, mai cusa -iss- a tsakiya, finissons. Na uku kuwa tarkace ne, kowa da halinsa.

Abin da ya fi sauya kamannin kalmomin nan shi ne danni. Gaɓar da Rumawa ke dannawa ta tsira, raunanan da ke gefenta suka yi ta zubewa. Vendere mai gaɓa uku ta tsuke ta zama vendre. Scribere ta fara samun wasali a goshi, escrire, daga baya s ɗin ta faɗi aka bar écrire. Wani lokaci kalma guda ta shigo sau biyu: navigare a bakin talakawa ta goge ta zama nager, "iyo", sai masu ilimi suka sake ɗauko ta daga littafi a matsayin naviguer. Haka livrer da libérer, uwarsu ɗaya, liberare. A nan ne ake ganin tarihin harshen ƙuru-ƙuru.

Ɗafa-ƙeyar lokaci mai zuwa ma asalinta kalma ce mai zaman kanta. Cantare habeo, "ina da waƙar da zan yi", ta manne ta zama chanterai, "zan yi waƙa". Irin wannan siga ta riga ta bayyana a Rantsuwar Strasbourg ta shekarar 842, wato alkawarin ƙawance da wasu sarakuna biyu suka ƙulla, inda aka rubuta salvarai, "zan kare".

Wajen raba gaɓa a rubuce, baƙi guda tsakanin wasula biyu yakan bi na gaba: fi-nir. Tagwayen baƙaƙe ana raba su, ap-pe-ler. Amma ch da gn ba a tsinka su, haka ma galibin baƙaƙen da r ko l ke bi, don haka ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram zai rubuta si-gner da é-cri-re in yana raba gaɓa.