Tarihin Nazarin Hankali

Nazarin hankali fanni ne da ke binciken yadda mutum ke gani, ya gane, ya riƙe abu a ka, ya kuma sarrafa harshe. A yau ya tara masana halayyar ɗan Adam da na ƙwaƙwalwa da na harshe da na kwamfuta, amma tambayar da ya faro da ita tsohuwa ce: a ina tunani yake zaune?

Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya ce a zuciya yake, aikin ƙwaƙwalwa kuwa sanyaya jini. Likita Jalinus ya saɓa masa, ya ba ƙwaƙwalwa matsayin. Bahaushe bai saki ko ɗaya ba: yakan ce "zuciyata ta raya mini", ya kuma ce yaro "yana da ƙwaƙwalwa".

Ibn Sina (980–1037) ya kawo misalin da har yau bai tsufa ba. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum yanzun nan, yana rataye a iska, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ma ba sa taɓa juna. Duk da haka zai san yana nan. Da wannan ya kafa hujjar cewa sanin kai bai dogara ga jiki ba, shekara wajen 600 kafin masanin falsafa Dekart na Faransa ya zo da makamanciyar magana. Imam Gazali kuma ya fayyace ma'anonin ƙalbu da ruhi da nafsu da aƙalu a cikin Ihya'u, littafin da almajiran zaure a Bauchi suka sani sarai.

Gwaji bai shigo da wuri ba. A 1861 likita Paul Broca na Faransa ya gano sashen ƙwaƙwalwa na hagu da lalacewarsa ke hana magana, a 1879 kuma Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin halayyar ɗan Adam a Leipzig ta Jamus. Daga 1913 John Watson na Amurka ya ce a bar zancen zuci, a auna ɗabi'ar da ido ke gani kawai. Wannan ra'ayi ya takure fannin shekaru kusan 40.

Takunkumin ya fara kwancewa a 1956, da masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya nuna mutum abu kamar 7 yake iya riƙewa lokaci guda, sai fa in ya kasa su kashi-kashi. Shi ya sa mai POS a Kasuwar Wunti yake so a karanto masa lambar asusu uku-uku. A 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya ƙara da cewa yaro yana furta jimlar da bai taɓa ji ba, don haka kwaikwayo da lada kaɗai, waɗanda masu auna ɗabi'a suka dogara da su, ba su isa su bayyana koyon harshe ba.